Lissafin Shiga da Fita a Gidajen Ajiyar Karnuka: Misalin Birnin Ostin na Amurka

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayani ne a kan yadda gidajen ajiyar karnuka na ƙasar Amurka suke amfani da ƙididdiga domin rage cunkoso da yawaita karnukan da ke fita da rai. Za mu nuna cewa yawan karnukan da ke cikin gida a kowace rana ya dogara ga abu biyu, watau nawa ke shigowa da kuma kwana nawa kowane ke yi kafin ya fita. Sa'an nan za mu duba, ta misalin birnin Ostin, abin da ke faruwa in hukuma ta kafa ido kan adadi guda ta bar sauran.

1. Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, karen da aka samu yana yawo ba mai shi, ko wanda mai shi ya gaza riƙonsa, akan kai shi wani gida na musamman inda za a ajiye shi har a san makomarsa. Wannan al'ada ta daɗe. An kafa ƙungiyar kare lafiyar dabbobi ta SPA a birnin Paris a shekarar 1845, gidan karnuka na Battersea a Landan a 1860, ƙungiyar ASPCA kuwa a New York a 1866.

Matsalar waɗannan gidaje ɗaya ce tun farko: ɗakuna suna da iyaka, karnuka kuwa ba su daina zuwa. A mafi yawan ƙarni na 20, in gida ya cika, sai a kashe wasu domin a sama wa masu zuwa wuri. An ƙiyasta cewa a shekarun 1970 ana kashe karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 12 kowace shekara a gidajen ajiya na Amurka. Ƙiyasin da ASPCA ta yi bisa alƙaluman shekarar 2019 ya nuna dabbobi wajen miliyan 6.3 suka shiga gidajen, aka kashe wajen 920,000, daga cikinsu karnuka 390,000. Dalilan wannan raguwa suna da yawa. Akwai yaɗuwar fiɗiya da cire mahaifa, akwai sakewar halin mutane wajen riƙon dabba. Akwai kuma dalilin da muka sa gaba a nan, shi ne yadda ma'aikatan gidajen suka koyi rubuta abin da ke faruwa da karanta abin da suka rubuta.

Lissafin da za mu kawo ba mai wuya ba ne. Duk wanda ya iya sau da rabawa zai iya binsa da fensir da takarda, ya kuma gwada da kansa ko abin da muka faɗa daidai ne.

2. Ma'anar kalmomi

Da yake Hausa ba ta da tsayayyun kalmomi a wannan fanni, ya kamata mu fayyace waɗanda muka zaɓa.

Gidan ajiya: wurin da ake karɓar karnuka a ciyar da su, a yi musu magani, har su fita. Dokar Faransa ta raba wurin gida biyu. Na farko shi ne wanda Faransawa ke kira fourrière, aikin hukumar gari ne, can ake tsare karen da aka kama har kwanakin aiki takwas domin mai shi ya zo ya karɓa. Mai karatu a Maradi ko Damagaram ya san wannan suna, domin haka ake kiran wurin da hukumar gari ke tsare bisashen da suka ɓace ko suka yi ɓarna har mai su ya biya tara. Na biyu shi ne refuge, gidan wata ƙungiya, inda ake mai da karen da ba wanda ya zo nema domin a samo masa sabon ubangida. A Amurka gidan hukumar gari yakan haɗa ayyukan biyu wuri ɗaya.

Kwanakin jira: kwanakin da doka ta tilasta a riƙe ɓataccen kare kafin a yanke masa wata makoma. A Ingila kwana bakwai ne. A Amurka kowace jiha, wani lokaci ma kowane gari, da nasa adadi.

Gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa: wanda tilas ne ya karɓi duk karen da aka kawo daga yankinsa. Akasinsa shi ne gida mai zaɓi, wanda ke karɓar abin da ya ga zai iya.

Shigowa da fita: shigowa takan kasance ta kamu a titi, ko mai kare ya kawo da kansa, ko hukuma ta ƙwace, ko a kawo daga wani gida. Fita kuwa iri biyu ce. Fita da rai ita ce a mayar wa mai shi, ko wani ya ɗauka riƙo, ko a miƙa wa wata ƙungiya. Ɗayar ita ce mutuwa, ko ta ciwo ko ta allurar da likitan dabbobi ke yi.

Tsawon zama: yawan kwanakin da ke tsakanin ranar shigowa da ranar fita.

3. Abin da ake rubutawa

Tushen aikin duka shi ne rajista. Kowane kare da ya shigo ana ba shi lamba, a rubuta ranar shigowarsa, hanyar da ya shigo, unguwar da aka same shi, jinsinsa, girmansa, ƙiyasin shekarunsa da halin lafiyarsa. Daga nan duk abin da aka yi masa ana sa masa rana: ranar rigakafi, ranar da likita ya duba shi, ranar fiɗiya, ranar da aka fito da shi inda masu neman riƙo za su gan shi, da ranar fita tare da irin fitar. Da littafi ake yin wannan a da, daga baya aka koma kwamfuta.

An daɗe kowane gida yana rubutu yadda ya ga dama, abin da ya hana a kwatanta gida da gida. Karen da wani gida ya rubuta a matsayin marar lafiyar da ba ya warkuwa, wani gidan zai yi masa magani ya tashi. A watan Agusta na 2004 shugabannin wasu ƙungiyoyin kula da dabbobi suka taru a Asilomar, cikin jihar Kalifoniya, suka amince da ƙa'idoji na bai ɗaya. Sun kasa dabbobi kashi huɗu: mai lafiya, wanda magani zai warkar, wanda ba zai warke sarai ba amma zai iya rayuwa da kulawa, da wanda ba shi da lafiya kuma ba ya jin magani. Sun kuma tsara jadawali guda na bayar da rahoton shekara. A 2012 aka kafa cibiyar Shelter Animals Count domin tattara alƙaluman gidajen ƙasar duka a rumbu ɗaya.

4. Dangantakar yawa da lokaci

4.1. Dokar Little

A shekarar 1961 wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida da ta shafi kowane wurin da abubuwa ke shiga, su jima, su fita, ko layin banki ne ko gadajen asibiti. In aka auna na tsawon lokaci, kuma shiga da fita suka yi kusan daidai, to:

yawan da ke ciki = yawan masu shigowa a rana × matsakaicin tsawon zama

Mu ɗauki misali na zato. Gida yana da ɗakuna 100, karnuka 10 ke shigowa kowace rana. In kowane yana yin kwana 10, to kullum za a iske karnuka 100 a ciki, gida ya cika cif. In tsawon zama ya hau zuwa kwana 15, za a iske 150, watau karnuka 50 ba su da ɗaki, alhali ko kare ɗaya bai ƙaru ba cikin masu shigowa. In kuwa aka sauko da shi zuwa kwana 8, za a iske 80, ɗakuna 20 suna zaune ba kowa.

A lura da abu guda a nan. A duk hali ukun, karnukan da gidan ya karɓa a shekara 3,650 ne. Gidan da ke ɗauke da 150 bai taimaki ko kare ɗaya ba fiye da wanda ke ɗauke da 80. Bambancin kawai shi ne karnukansa sun fi daɗewa a tsare. Mai ziyara da ya ga gida a cike yakan ce karnuka sun yi yawa, a ƙara gini. Rajista kuwa sau da yawa takan nuna cewa lokaci ne ya yi tsawo. In an gina ɗakuna 50 aka bar abin da ya sa kwana 10 ya koma 15, sababbin ɗakunan za su cika, a koma gidan jiya.

4.2. Ƙarfin kulawa

Ɗaki ba shi ne kaɗai iyaka ba, akwai hannun ma'aikata. Ƙungiyar likitocin gidajen ajiya ta Amurka ta fitar da littafin ƙa'idojin kulawa a 2010, ta sabunta shi a 2022. A bugun farko an kawo ma'aunin minti 15 ga kowace dabba a rana domin shara da ba da abinci kawai. Bisa wannan ma'auni, karnuka 100 suna bukatar sa'a 25 ta aiki kowace rana, 150 kuwa sa'a 37 da rabi. Ba a sa lokacin magani ba, ko na fitar da kare ya motsa jiki, ko na tarbar masu neman riƙo. Saboda haka in yawa ya hau, ma'aikata ba su ƙaru ba, shara da abinci za su cinye lokacin duka, ayyukan da ke sa kare ya fita su ne za a ɗage.

Sashen likitancin gidajen ajiya na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ƙarƙashin likita Kate Hurley, ya yaɗa wannan tunani da sunan da za mu fassara "ƙarfin kulawa". Ma'anarsa ita ce kowane gida ya lissafa yawan dabbar da zai iya kulawa da ita yadda ya kamata, bisa ɗakunansa da ma'aikatansa da saurin fitarsa, ya kuma tsara aikinsa domin kada ya wuce wannan adadi.

4.3. Yadda cunkoso ke haifar da cunkoso

In karnuka suka matsu wuri ɗaya, cuta takan yaɗu, musamman tarin karnuka da cutar parbo mai sa amai da zawon jini. Karen da ya kamu tilas a keɓe shi a yi masa magani, kwanakinsa su ƙaru. Hayaniya da tsarewa kuma suna sake halin kare: wani ya riƙa haushi da tsalle a bakin ƙofa, wani ya laɓe a kusurwa. Mai neman riƙo yakan wuce irin wannan kare, kwanakinsa su ƙara tsawo. Tsawon zama yana ƙara yawa, yawa yana ƙara cuta da damuwa, su kuma suna ƙara tsawon zama. Abin farin ciki shi ne da'irar tana juyawa ta ɗayan gefen ma: in aka rage kwana biyu, cunkoso ya ragu, cuta ta ragu, wasu kwanakin za su ragu da kansu.

4.4. Hattara da matsakaici

Matsakaici yana iya ɓoye gaskiya. Mu ce karnuka 10 suka fita: tara sun yi kwana 5 kowane, ɗaya ya yi kwana 205. Jimla kwana 250, matsakaici 25. Wanda ya ji 25 zai zaci kowane kare yana yin kusan wata guda, alhali tara cikin goma ba su cika mako ba, kare ɗaya tak ya ci kwana 205 cikin 250. Domin haka ake duba adadin tsakiya, watau na karen da ya faɗo tsakiya in an jera su daga mafi gajeren zama zuwa mafi tsawo. A misalinmu 5 ne. Ana kuma raba lissafin rukuni-rukuni: ƴan kwikwiyo daban, ƙananan karnuka daban, manya daban. A gidajen Amurka manyan karnuka su ne suka fi daɗewa.

Akwai wani tarko kuma. In ana lissafa tsawon zama ne daga waɗanda suka fita kawai, karen da ya shekara a ɗaki bai fita ba ba zai bayyana a lissafin ba sam. Tilas a riƙa fitar da jeri na biyu, na waɗanda ke ciki a yau da kwanakin da kowane ya yi.

5. Inda kwanaki ke ɓacewa

Da zarar an gane cewa lokaci ne mabuɗi, tambayar da ta rage ita ce: a ina kwanakin suke tafiya? Bincike ya nuna wurare huɗu.

5.1. Jira tsakanin mataki da mataki

In aka jera ranakun da ke cikin rajistar kare ɗaya, akan ga giɓi. Kwanakin jira na doka sun ƙare ran Juma'a, likita bai duba shi ba sai Talata, fiɗiya sai mako mai zuwa, hotonsa bai hau intanet ba sai bayan haka. Ba wanda ya yi niyyar tsare shi, amma kwana goma sun wuce. Maganin da gidaje suka samo shi ne a tsara wa kowane kare hanyarsa tun ranar shigowa, a yi rigakafi a bakin ƙofa, a bar masu neman riƙo su ga kare su zaɓe shi tun yana cikin kwanakin jira, kuma kowace safiya wani ma'aikaci ya zaga ɗaki-ɗaki da jeri a hannu yana tambaya: me wannan yake jira, wa zai yi, yaushe?

5.2. Mayar da kare ga mai shi

Fitar da ta fi kowace sauri da arha ita ce komawa gida. A 2009 Linda Lord ta Jami'ar Jihar Ohayo da abokan aikinta suka buga binciken da ya shafi gidaje 53. Sun duba amfanin ƙwayar shaida, wata ƴar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sa wa dabba ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da ke kai ga sunan mai ita. Sun iske ana mayar da wajen kashi 52 cikin 100 na ɓatattun karnuka masu ƙwayar, alhali a ɓatattun karnuka gaba ɗaya wajen kashi 22 ne. Babban abin da ya hana samun masu sauran shi ne lambar tarho da ba daidai ba ko wadda ta daina aiki. Ashe ƙwayar ba ta da amfani in rajistar da ke bayanta ta tsufa.

Wani bincike da Tom Kremer ya buga a 2021 bisa alƙaluman birnin Dalas na jihar Teksas ya auna tazarar da ke tsakanin inda aka tsinci kare da gidan mai shi. Cikin karnukan da aka mayar, wajen kashi 70 cikin 100 an same su ne cikin mil ɗaya daga gida, watau kilomita 1.6, kashi 42 kuwa ba su wuce wajen mita 120 ba. Darasin a fili yake: ma'aikacin da ya kama kare ya karanta ƙwayar a nan take, ya tambayi maƙwabta, kafin ya ɗauke shi zuwa wani gefen gari inda mai shi zai sha wahalar zuwa.

5.3. Sunan da aka liƙa wa kare

A 2016 Lisa Gunter da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Arizona suka kwatanta karnukan da aka rubuta wa sunan irin pit bull, wanda mutane da yawa ke tsoro, da wasu masu kama da su da aka ba wani suna. Masu sunan sun fi daɗewa har ninki uku. Sunan irin kuwa mafi yawa ma'aikaci ne ke zatonsa da ido. Binciken ya kuma duba wani gidan hukuma a jihar Fulorida da ya daina rubuta sunan iri a 2014, aka ga ɗaukar waɗannan karnuka ta ƙaru, kisansu ya ragu. Layi ɗaya a jikin katin ƙofa ya isa ya ƙara wa kare makonni.

5.4. Inda karnukan ke fitowa

Ɗayan gefen dokar Little shi ne shigowa. In aka ɗora adireshin shigowa bisa taswirar gari, akan ga cewa ƴan unguwanni ne ke kawo mafi yawa. A 2016, bayan karnukan titi sun kashe wata mata a Dalas, kamfanin Boston Consulting Group ya yi nazari ya ƙiyasta karnuka wajen 8,700 ke yawo sake a kudancin birnin, inda talakawa suka fi yawa, asibitocin dabbobi suka yi ƙaranci, kuma mafi yawan karnuka ba a yi musu fiɗiya ba. Wannan ya sa aka karkata aikin fiɗiya kyauta zuwa waɗannan unguwanni maimakon a watsa shi ko'ina daidai wa daida.

6. Kason fita da rai

Adadin da jama'a da ƴan jarida suka fi sani shi ne kason dabbobin da suka tsira. A Amurka an saba ɗaukar kashi 90 cikin 100 a matsayin mizanin gidan da ba ya kisa domin neman wuri, bisa zaton cewa sauran 10 su ne masu ciwon da ba ya warkuwa ko masu haɗari ga mutane. Amma hanyar lissafa shi ba ɗaya ba ce.

Mu sake ɗaukar misali na zato. A shekara karnuka 1,000 suka shigo, 700 suka fita da rai, aka kashe 100, sauran 200 suna ciki har yanzu.

a) In aka raba masu fita da rai da jimlar waɗanda suka fita: 700 ÷ 800, kashi 87.5.
b) In aka raba su da jimlar waɗanda suka shigo: 700 ÷ 1,000, kashi 70.
c) In aka cire waɗanda suka mutu daga masu shigowa, aka raba da masu shigowa: 900 ÷ 1,000, kashi 90.

Gida ɗaya, shekara ɗaya, amsa uku. Hanya ta uku ta ba gidan shaidar cin nasara, alhali karnuka 200 sun taru a kan waɗanda ke ciki tun bara. Hanya ta biyu ce kaɗai ta tona wannan. Saboda haka duk wanda aka ba kaso, ya fara tambayar da me aka raba.

Bugu da ƙari, ana iya ɗaga kason ba tare da wani kare ya amfana ba. Gida yana iya ƙin karɓar marasa lafiya da tsofaffi. Yana iya riƙe kare shekara da shekaru a ƙaramin keji domin kada a rubuta mutuwa. Yana iya rufe ƙofa, karnukan su zauna a titi inda ba mai ƙidaya su. Domin haka ne kwatanta gida mai zaɓi da gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa bisa wannan kaso kaɗai ba adalci ba ne.

7. Misalin Ostin

Ostin shi ne babban birnin jihar Teksas. Kafin 2008 gidan ajiyar birnin yana kashe kimanin rabin dabbobin da ke shiga. A wannan shekara likitar dabbobi Ellen Jefferson ta karɓi jagorancin ƙungiyar Austin Pets Alive!, ta bi wata hanya mai sauƙi: a ɗauki jerin dabbobin da aka sa ranar kashewa, a duba su wane ne, a kasa su rukuni-rukuni, sa'an nan a kafa wa kowane rukuni shiri nasa. Jerin ya nuna ƴan kwikwiyo masu parbo, jariran kyanwoyi da ba su isa cin abinci ba, da manyan karnuka masu wuyar hali. Aka buɗe ɗakin jinyar parbo, aka tara masu riƙon ƙwarya da ke ɗaukar dabba zuwa gidajensu na ɗan lokaci, aka kafa shirin horar da manyan karnuka. Wani bincike da aka buga a 2020 ya bi karnuka 5,127 da aka yi wa jinyar parbo a wannan ɗaki cikin shekara goma sha ɗaya da rabi, ya iske kashi 86.6 cikin 100 sun rayu. A da, irin waɗannan karnuka kashe su ake yi da zarar an gano cutar.

A watan Maris na 2010 majalisar birnin ta amince da tsarin kai kason tsira zuwa 90, aka kai wannan mizani a 2011. A 2019 majalisar ta ɗaga shi zuwa 95.

Daga baya lamarin ya sake. Bayan shekarar 2020, a Amurka baki ɗaya, fitar karnuka ta kasa kamo shigowarsu, manyan karnuka suka riƙa daɗewa. Alƙaluman Shelter Animals Count na 2023 sun nuna an kashe karnuka wajen 359,000 da kyanwoyi wajen 330,000, watau karnuka sun zarce kyanwoyi. A Ostin gidan hukuma ya cika ya batse, har aka riƙa ajiye karnuka a kejin tafiya na wucin gadi. A watan Satumba na 2022 gidan ya taƙaita karɓar dabbobi sai na gaggawa. A 2023 ofishin mai binciken ayyukan birnin ya fitar da rahoto, ya nuna cewa manufofi uku da aka ɗora wa gidan sun shiga karo da juna: ya kasance mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ya kula da dabbobi yadda ya kamata, ya kuma riƙe kason 95.

Dokar Little ta isa ta bayyana wannan karo. In shigowa ba ta ragu ba, fita da rai ta yi jinkiri, kuma an kayyade kisa, to abin da ya rage ya motsa shi ne tsawon zama, yawa kuwa yana biye da shi. In ɗakuna suka ƙare, ko dai kulawa ta lalace ko ƙofa ta rufe. Kason tsira bai nuna ko ɗaya daga cikin biyun ba, domin ba abin da yake aunawa ke nan ba. A ganinmu, matakin farko na Ostin ya ci nasara ne saboda an karanta rajista layi-layi domin a san wane kare ke mutuwa da dalilin mutuwarsa. Wahalar baya kuwa ta zo ne lokacin da adadi guda ya zama shi ne abin da ake auna gidan da shi.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin gidan ajiya yana bukatar ya riƙa karanta adadi biyar tare, kowane wata, rukuni-rukuni: yawan shigowa da hanyoyinta, yawan fita da ire-irenta, tsawon zama na waɗanda suka fita da na waɗanda ke ciki, yawan da ke ciki a kwatanta da ƙarfin kulawa, da yawan waɗanda suka kamu da ciwo bayan shigowa. Kowane ɗaya yana tsaron ɗan'uwansa. In kason tsira ya hau amma tsawon zama da ciwo suka hau tare da shi, to karnukan ne ke biyan kuɗin nasarar. In yawan da ke ciki ya sauka saboda an rufe ƙofa, adadin shigowa zai tona, muddin ana rubuta har waɗanda aka mayar daga bakin ƙofa.

Ƙididdiga ba ta yanke wa hukuma shawarar wane kare za a riƙe, ko nawa gari zai kashe a kan dabbobi. Wannan magana ce ta majalisa da jama'ar gari. Aikinta shi ne ta nuna farashin kowace shawara tun kafin a ɗauke ta: ƙarin kwana ɗaya a gidan da ke karɓar karnuka 10 a rana yana nufin ƙarin ɗakuna 10 da ƙarin sa'a biyu da rabi ta aiki kullum. Sharaɗin duka kuwa shi ne rajista ta kasance cikakkiya, ranakun su zama na gaskiya, ma'anar kalmomi kuma kada ta sake daga shekara zuwa shekara.